Raddi Ga Masu Cewa “Ya Yi Shiru, Ya Warke”

Akwai wata magana da nake ji tun ina yaro a nan Jega. Na ji ta a Firchin, na ji ta a gidajen 'yan'uwa a Maiyama, ni ma na faɗe ta da bakina. Idan mai taɓin hankali ya daina surutu shi kaɗai, ya daina fita da dare, ya daina ɗaga wa mutane murya, ya samu wuri ɗaya ya zauna, sai a ce, “Alhamdulillahi, ya warke.” Masu zuwa dubiya su yi barka, a kwance masa mari in da ma an sa, a jefa ragowar magani cikin kwalla, bayan 'yan makonni har a fara zancen a yi masa aure ko hankalinsa ya ƙara kwanciya. Wannan maganar nake so in yi wa raddi, kuma da ladabi zan yi, domin masu faɗinta ba marasa tausayi ba ne. Gajiya da ƙauna ne suka haife ta.

Na san haka domin a gidanmu aka yi. Ɗan gwaggona ne, ƙane a gare ni, ba kuma zan kama sunansa ba. Manomin albasa ne tun yana yaro, cikin samarin nan da asuba ke yi musu a fadama. Yana ɗan shekara 23 abin ya fara. Da farko cewa yake 'yan kasuwa na zunɗensa, daga baya ya ce mai karanta labarai a rediyo da shi yake, daga nan sai muryoyi, waɗanda yake ba amsa da ƙarfi cikin tsakar dare. Wata huɗu Gwaggo tana shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakinsa don kada ya fita ba ta sani ba. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi ruƙiya, kuma malamin da ya yi ruƙiyar shi ne ya ce mu haɗa da asibiti, Allah ya saka masa da alheri. Bayan mako biyar a kwance muka dawo da shi, gida ya yi tsit.

Har yau ina ganin zaman da yake yi a zaure. Tabarma, bayansa jingine da bango, hannuwa biyu a kan gwiwa suna ɗan rawa. A ajiye masa shayi da hantsi, azahar ta yi shayin na nan ya yi yana a sama. Ƙuda ya sauka a leɓensa, ba zai kore shi ba. In ka gaishe shi sai ka ƙirga numfashi uku kafin “lafiya lau” ta fito, ita ma a miƙe, ba hawa ba sauka. Wani abokinsa ya shigo da labarin cewa buhun albasa ya tashi a kasuwar Aliero, labarin da a da zai sa ya miƙe tsaye yana lissafi da yatsu, amma ko girarsa ba ta motsa ba. Gwaggo ta leƙo ta ce da ni, “Ka gani ko, ɗana? Yaron ga ya samu lahiya. Tun da munka dawo ko tari bai yi ma kowa ba.” Na ce, “Allah shi ƙara sauƙi, Gwaggo.” Kuma har cikin raina na yarda da ita.

Dole in ba maganar haƙƙinta. Wanda ya yi wata huɗu bai runtsa ba, ranar da ya samu barci ba ka da bakin hana shi kiran abin lafiya. Gushewar muryoyi da tsoro sauƙi ne na gaske, babba ma kuwa, ga majiyyaci da masu jinya baki ɗaya. Inda kuskuren yake shi ne ɗaukar rabin tafiya a matsayin isa gida.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin wannan a wani fagen. Daga nesa ake ɗauko masu karaya a kawo su wurin masu ɗori a Aliero. An ɗora ƙafa, an jera kara an ɗaure, bayan 'yan kwanaki zogi ya lafa, mai karaya ya daina ihu. Akwai mai ɗorin da zai ce masa tashi ka tafi ka warke? Sai ya jira makonni, ya latsa, ya sa shi ya taka a hankali, ya ga ko ƙafar za ta ɗauki gangar jiki. In ma ya tsunguli yatsun ƙafar mai karaya ya ce bai ji komai ba, hankalinsa tashi yake yi, don ya san ƙafar da ba ta jin zafi ba ta jin taɓi tana cikin haɗari. A ƙashi, ba mai rikita lafawar zogi da haɗewar karaya. Da aka zo kan ƙwaƙwalwa sai muka manta da wannan hikimar tamu.

Taɓin hankali iri-iri ne. Wanda ya sami ƙanena shi likitoci ke kira sikizofireniya, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana tare da mutum kimanin miliyan 24, wato kusan ɗaya cikin kowane 300. Ciwo ne mai hannu biyu. Da hannu ɗaya yana ƙara wa mutum abin da babu: muryoyin da ba mai yin su, zargin da ba shi da tushe, tabbacin cewa ana bin sa ko an ba shi wani babban matsayi. Da ɗaya hannun yana kwashe abin da ke akwai: fara'a, sha'awar mutane, kuzarin tashi a yi wanka a tafi gona, daɗin hira. Hannun farko shi ke damun maƙwabta, shi ya sa kowa ke ganinsa. Na biyun ba ya hana kowa barci, sai dai shi ne yakan raba mutum da sana'arsa da abokansa shekara da shekaru, yana zaune a zaure ana cewa ya shiryu.

Masu binciken magani sun daɗe da gane cewa in dai da ido za a tsaya, to hayaniya kaɗai za a riƙa aunawa. Shi ya sa a 1987 wasu masana uku a birnin Niyok na Amurka, Stanley Kay da Abraham Fiszbein da Lewis Opler, suka fito da ma'aunin da ake kira PANSS, wanda har yau shi aka fi amfani da shi a gwajin magungunan wannan ciwo. Gaɓoɓi 30 gare shi. Bakwai na alamomin ƙari ne, bakwai na alamomin ragi, sauran 16 kuma na gama-gari, irin su fargaba, baƙin ciki, nauyin jiki da rashin yarda cewa akwai ciwon. Ƙwararre zai zauna da majiyyaci wajen minti 40 zuwa 50, ya kuma tambayi masu jinya yadda makon da ya wuce ya kasance, sannan ya ba kowace gaɓa maki daga 1 zuwa 7. Maki 1 na nufin babu alamar, 7 na nufin ta kai matuƙa. Yawan maki, tsananin ciwo.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe: a wannan ma'auni, shiru maki yake ƙarawa. Daskarewar fuska gaɓa ce mai zaman kanta. Janye jiki daga mutane gaɓa ce. Hirar da ba ta gudana, sai an tatso kalma ɗaya-ɗaya, ita ma gaɓa ce. Duk abin da muka kalla a zauren nan muka kira lafiya, a takardar masana sunansa alamar ciwo, kuma nauyinsa ɗaya da na jin muryoyi.

Ba kowane likita ke cika wannan doguwar takarda a ranar ganin marasa lafiya ba, layi ba zai bari ba. Amma tambayoyin likitan da ya san aikinsa daga wannan rijiyar suke. Ranar da muka koma da ƙanena, Gwaggo ta shiga da murnarta. Likitan ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, “Mama, wanka shi yake tashi ya yi, ko sai an ce masa? Yaushe rabon da ki ji dariyarsa? In aka kira salla yana fita da kansa? Ya taɓa tambayar wa ke ba albasarsa ruwa?” Gwaggo ta yi jim. Ta ce, “Likita, ai mu tun da ba shi hwaɗa mun gode Allah.” Ya ce godiya ta zama dole, amma da sauran aiki. Sai ya juya ga ƙanena ya tambaye shi me Hausawa ke nufi in sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Yaron da a da yake ƙure mu da karin magana a dandali ya daɗe yana kallon tebur, sannan ya ce, “Dutse ba ya dahuwa.” Daga baya na gano cewa fassara karin magana na cikin hanyoyin da ma'aunin ke bi wajen gwada zurfin tunani, ɗaya daga cikin gaɓoɓin ragin nan bakwai. A wannan ranar dai ba sai an yi mini bayani ba. Na fita waje na tsaya jikin bishiya har ƙwallata ta tsaya.

Bari in ba da misali da lissafi, lambobin kuma ni na tsara su don fahimtarwa kawai. A ce an kawo mutum yana da maki 30 a ɓangaren ƙari, 18 a ɓangaren ragi, 50 a gama-gari, jimla 98. Bayan mako shida ƙari ya sauko 12, gama-gari ya sauko 38, amma ragi ya hau 28. Jimla ta zama 78. Wanda ya kalli jimla zai ce an samu saukar maki 20, kuma gaskiya ya faɗa. Wanda ya buɗe cikin jimlar zai ga cewa rufin ya daina yoyo ta gabas ya koma yi ta yamma. Mutum biyu na iya samun 78 ɗin nan, ɗaya yana faɗa da muryoyi amma yana zuwa kasuwa, ɗaya ba ya jin komai amma ba ya iya tashi daga tabarma.

Shirun ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na natsuwa, wanda mutum ke cikinsa yana aikinsa, in ka taɓa shi da zance ya amsa da fuska a sake. Akwai na ciwon kansa, wanda na bayyana. Akwai kuma wanda magani ke kawowa. Tsofaffin magunguna irin su lagatil, wanda aka fara ba masu taɓin hankali a Faransa a 1952, da halofaridol da allurar wata-wata, sun ceci rayuka da gidaje ba adadi, amma in suka yi wa jiki yawa sukan kawo sandarewa, rawar hannu, dalalar miyau, tafiya da jan ƙafa da barcin da ba ya ƙarewa. Wannan yana da gyara: likita ya rage, ko ya canza, ko ya ƙara wani abu da zai sassauta jiki. Sai dai ba zai gyara abin da ba a faɗa masa ba, mu kuwa mun shiga muna cewa komai lafiya. Shirun da ya fi ba ni tsoro shi ne na baƙin ciki, lokacin da hankali ya fara dawowa mutum ya waiga ya ga abin da ya faɗa da abin da ya aikata a gaban jama'a, ya ga sa'o'insa sun yi aure sun yi gaba. Kimanin ɗaya cikin 20 na masu wannan ciwo da hannunsu suke kashe kansu. Gidan da ya riga ya yanke cewa ya warke ya daina sa ido a daidai lokacin da ya fi kamata a sa.

Wannan magana tamu tana da 'yar'uwa a wurin 'yan boko, kuma ita ma ina da ja a kanta. Su ba sa cewa ya yi shiru, cewa suke “bincike ya nuna maganin yana aiki,” su ɗauka ma'anarsa yana warkarwa. Na ji wannan daga bakin ɗalibai masu karatun kiwon lafiya a nan Jega, yara masu ƙwazo waɗanda gobe su za su riƙe ƙananan asibitocinmu. Lamba ma sai an iya karanta ta.

Abu na farko, ma'aunin ba daga sifili yake farawa ba. Tunda kowace gaɓa mafi ƙarancinta 1, mai cikakkiyar lafiya ma 30 zai samu, mafi tsanani kuma 210. Wannan 30 ɗin kamar nauyin kwanon sikeli ne, sai an cire shi kafin a san nauyin kaya. A misalinmu na sama, saukar 20 daga 98 za ta yi kama da kashi 20 cikin 100, amma in aka cire kwanon, 20 ne daga 68, kusan kashi 29 ke nan. An sha samun rahotannin da suka manta da wannan cirewar.

Na biyu, maki nawa ne ciwo mai tsanani? Wani likita Bajamushe, Stefan Leucht, da abokan aikinsa sun amsa wannan a 2005, bayan sun gwama makin majiyyata sama da 4,000 da hukuncin da likitocinsu suka yanke da ido. Suka ga cewa wajen 58 ciwo ne mai sauƙi, 75 matsakaici, 95 mai ƙarfi, 116 mai tsanani. Suka kuma ga cewa saukar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ita ce likita ke kira ɗan sauƙi kaɗan, wanda da ƙyar ake lura da shi, sai maki ya sauka da wajen rabi ake cewa an samu sauƙi sosai. To gwaje-gwaje da yawa sun ɗauki saukar kashi 20 a matsayin “ya amsa magani.” Mutumin misalinmu ya amsa magani a takarda, alhali da 78 ɗinsa yana nan cikin matsakaicin ciwo.

A 2017 Leucht ya sake tattara gwaje-gwaje 167 na tsawon shekara 60, masu ɗauke da mutum 28,102, inda aka ba wasu magani, wasu kuma ƙwayar wofi mai kama da shi wadda ba komai a cikinta. Masu ɗan sauƙi ko fiye: kashi 51 a ɓangaren magani, 30 a ɓangaren wofi. Masu sauƙi sosai: 23 da 14. Ni abin da na karanta a nan shi ne maganin gaskiya ne, ya fi rashinsa nesa ba kusa ba, amma cikin 'yan makonnin da gwaji ke ɗauka, kaɗan ne ke miƙewa garau. Ko sabon maganin da Amurka ta amince da shi a watan Satumba na 2024, Cobenfy, wanda aka yi ta yayatawa, a ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajensa na mako biyar maki ya sauka da 21.2, na masu ƙwayar wofi kuma da 11.6. Tazarar 9.6 ce, kuma matsakaici ne na mutane da yawa, ba alkawari ga ɗan kowa ba.

Gwajin da ya fi kusa da rayuwarmu a ƙasar nan aka yi shi, kuma shi na fi so a tsaya a kai. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagorance shi, a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2020. Ba a asibiti aka nemo majiyyatan ba. Wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a aka je, inda galibin mutanenmu ke fara kai nasu, aka samu mutum 307 masu taɓin hankali. A wasu wuraren aka haɗa mai maganin da ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti, yana zuwa a kai a kai yana duba majiyyata yana ba da magani, suna shawara tare. A sauran wuraren ba a yi wannan haɗin ba. Da farko makin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, 107 da 109, wato tsakanin mai ƙarfi da mai tsanani. Bayan wata shida, masu haɗin gwiwa suka sauko 53, ɗaya ɓangaren 68.

A karanta waɗannan lambobi da abin da muka riga muka sani. In aka cire kwanon sikeli, 77 ya koma 23, saukar kusan kashi 70 ke nan, kuma 53 na ƙasa da layin ciwo mai sauƙi. Ɗaya ɓangaren ma ya sauka da wajen rabi. Wannan na biyun darasi ne babba. Mutum akan kawo shi ne a ranar da ciwo ya kai ƙololuwa, ciwon kuma yana hawa yana sauka, ga kulawa, ga kwanciyar hankalin da addu'a da zama cikin masu tausayi ke kawowa. Don haka duk abin da aka yi wa majiyyaci a wannan lokaci, ko rubutu ko ƙwaya, zai yi kama da shi ya kawo sauƙin gaba ɗaya, sai an gwama da wani rukuni ake gane rabon kowa. Tazarar maki 15 da masu binciken suka lissafa ita ce ribar haɗin gwiwar. Ba a rena malami ba, ba a kori mai magani ba, an ƙara musu hannu ne. A gwajin kuma ɗaure mutane da sauran abubuwa masu cutarwa sun ragu ƙwarai a ɓangarorin biyu. Amma ko 53 ɗin nan ba 30 ba ce. Matsakaicin majiyyaci a rukunin da ya fi dacewa yana nan da sauran alamomi bayan rabin shekara.

Na san abin da wani dattijo zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce ma'aunin da aka ƙera a Niyok ya san kunya? Yaron kirki a ƙasar Gwandu ba ya kallon babba cikin ido, amarya ba ta sakin baki gaban surukai, mai filako yakan haɗiye abin da ke ransa. Baƙon da bai san mu ba zai iya rubuta wa mai ladabi makin janye jiki. Haka wanda ya ce an yi masa sammu, in duk garinsu sun yarda akwai sammu, wannan kaɗai bai isa a kira shi ruɗin tunani ba. Karin maganar Turawa ma in aka tambayi manomin Maiyama fassararta, an zalunce shi. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ma'aunin ke bukatar mai riƙe shi ya san harshe da al'ada. Sai dai hujjar dattijon tana ƙarfafa maganata ne. Wa ya fi uwa sanin bambancin kunyar ɗanta da mutuwar fuskarsa? Labarin zuciya a tambayi fuska, Gwaggo kuwa ta san fuskar nan tun ranar suna. Ta ga abin da likita ya gani tun kafin ya gani, ta dai rufe shi da godiya don tana tsoron kada a ce ta yi wa Allah butulci. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya gina aikinsa a Aro kusa da Abekuta bisa wannan fahimta, inda majiyyata ke zama a ƙauyuka tare da danginsu ana yi musu magani, don dangi na ganin abin da ɗakin likita ba ya nunawa.

Su kansu masana ba su yarda saukar jimla kaɗai ta isa ba. A 2005 wani kwamiti ƙarƙashin Nancy Andreasen ya tsara sharaɗin da za a ce ciwon ya lafa. Suka zaɓi gaɓoɓi takwas, suka ce kowace ɗaya kada ta wuce maki 3, kuma a zauna a haka wata shida a jere. Uku daga cikin takwas ɗin na shiru ne: daskarewar fuska, janye jiki daga jama'a da rashin gudanar hira. Ko an cika sharaɗin ma, lafawa suka kira shi, ba su ce a ajiye magani ba.

Mu kuwa mun ajiye, kuma laifin namu ne, har da ni. Likita ya ce a dawo bayan wata ɗaya a duba yiwuwar rage magani. Muka duba kuɗin mota, muka duba kuɗin ƙwaya, muka dubi yaro zaune lafiya ba ya taɓa kowa, muka ce a bari sai an ga hali. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya daga nan ya bi ta Tambuwal ya ratsa Sakkwato zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ko ya nufi Birnin Kebbi, ya san abin da tafiyar ke ci, ba na kuma zargin wanda aljihunsa ya gaza. Amma mu ba rashin kuɗi kaɗai ya tsayar da mu ba, imaninmu cewa ya warke shi ya sa kuɗin ya yi mana kama da asara. Da ƙwayoyin suka ƙare, jikinsa ya ɗan saki, har muka ce ashe ma maganin ne ke danne shi. Wata biyar bayan nan, ana cikin cirar albasa, muryoyin suka dawo fiye da na farko. Alƙaluma sun riga sun faɗi haka: a wani tattara gwaje-gwaje 65 da aka buga a 2012, cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 na waɗanda suka ci gaba da magani, da kashi 64 na waɗanda aka mayar kan ƙwayar wofi.

A zuwa na biyu Gwaggo ce ta riƙa ba likita labari tun kafin ya tambaya. Ta faɗi rawar hannun, ta faɗi shayin da ke hucewa, ta faɗi rabonsa da dariya. Aka canza magani, aka rage yawansa a hankali, aka ce a riƙa ba shi ƙaramin aiki kullum ko da ba ya so, kada a bar shi da bango. Abokinsa ya riƙa biyo masa da asuba, ranar farko ƙwarya ɗaya ta ruwa ya zuba a fangali ya zauna. An fi shekara ana wannan.

Ranar da ba zan manta ba, wani dillali ya zo har gida yana taya albasarsa da arha. Sai muka ji muryarsa daga zaure ta tashi, yana cewa wallahi ba zai sayar haka ba, a je a tambayo farashin Aliero. Gwaggo ta saki muciya ta fito a firgice, ta ɗauka ciwon ne. Ta tsaya bakin ƙofa tana saurare, ta ji lissafi ne yake yi daidai, buhu-buhu, har da kuɗin taki da na fetur ɗin injin ban ruwa. Ta koma madafa tana share ido da gefen zane.

Har yanzu yana shan maganinsa kowane dare, kuma duk wata uku muna komawa. Jiya wata maƙwabciya ta shigo ta ce, “Ya mai jiki? An ce ya warke sarai.” Gwaggo ta ce, “Da sauƙi dai, mun gode Allah. Shi ka zuwa fadama da kanshi, shi ka cinikinshi. Amma har yanzu ba ya son zama majalisa, in an yi baƙi ɗaki yaka shigewa. Shi za mu gaya ma likita in mun koma.”